Gorongo Beri, Ko Yadda Na Nemo wa Mugu Suna

Na daɗe ina ja da baya wajen kawo wannan labari cikin mujallarmu, domin ni ne abin dariya a cikinsa. Amma tun da ya ke 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu da suka halarci daren karatun ƙagaggun labarai na Ƙungiyar Hausa bara sun tafa mini, har wani ya biyo ni waje yana yabo, na ga bai kamata in ci gaba da riƙon tafin nan ba tare da na gaya musu abin da ya biyo baya ba.

Ga wanda bai samu zuwa ba, labarin na wani azzalumin matsafi ne da ke zaune a wani gungu a tsakiyar gulbi. Kowace shekara in ruwa ya fara ja da baya sai ya aiko a kai masa budurwa guda daga cikin 'ya'yan masunta, in kuwa aka ƙi sai ya ɗaure kifi, a wuni ana jefa homa ba a kama ko tarwaɗa guda ba. Shirya labarin bai ba ni wuya ba, don duk wanda ya sha tatsuniya a gaban tsofaffi ya san hanyar da irin wannan labari ke bi. Jarumin ma nan take na raɗa masa Nasiru. Mugun ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Kwana huɗu ina rubutu ina barin fili a duk inda sunansa ya kamata ya fito. Na gwada sunayenmu na gida, irin su Tanko da Ɗanjuma, sai na ga kowane na sa akwai wani mutumin kirki da na sani mai amsa shi. Na gwada Dodo, na tuna ko ƙanena na aji biyu ya daina jin tsoronsa.

A dare na biyar, ina kwance, sai suna ya faɗo mini: Gorongo Beri. Na tashi zaune na maimaita shi sau uku, tsigar jikina ta tashi. Na ce lalle wannan shi ne. Ran karatu, duk inda na iso sunan sai in yi ƙasa da murya in ja shi, zauren ya yi tsit. Bayan an tashi wani malaminmu ya tambaye ni inda na samo shi, na ce, "Ƙirƙira ce, Malam." Ya gyaɗa kai ya ce suna ne mai nauyi. Ban yi masa ƙarya da gangan ba, don ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Ni haifaffen Birnin Kebbi ne, amma mahaifiyata 'yar Argungu ce, kuma tun muna ƙanana ba a yin dogon hutu ba a tura mu can ba. Tafiyar kamar awa guda ce a mota. Kakata ta wajen uwa tana can har yanzu. Bazabarma ce, daga wajen Doso aka kawo ta aure tana yarinya, ta haifi 'ya'yanta duka a Argungu, Hausa ta zauna a bakinta irin ta Kabawa. Ni kam a raina ban taɓa lissafa ta cikin baƙi ba. Kaka ce kawai, mai kirana maigidanta, mai cewa na ƙi ba ta kuɗin cefane.

Da aka yi hutu na tafi da labarina cikin jaka, ina taƙama. Bayan sallar lisha aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, babu wuta, na kunna fitilar waya, yaran gida suka kewaye ni. Kaka tana gefe tana jan carbi, kamar ba ta saurare. Na karanta shafi na farko lafiya. Da na iso inda mugun ya fito daga cikin ruwa, na yi ƙasa da murya kamar yadda na saba, na ambaci sunansa. Sai na ji carbi ya tsaya.

"Tsaya, maigida. Mi kac ce sunan dodon ga naka?"

Na ƙara kumbura murya na ce, "Gorongo Beri."

Wallahi tun da na ke ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi dariya irin ta ran nan ba. Ta riƙe ciki, ta yi tari, hawaye na zuba, har aka kawo mata ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashe kaza ta ka cin ɗiyan masunta!" Nan ta fassara mana: a Zabarmanci gorongo kaza ce, beri kuwa babba. Watau matsafin da ya sa zauren jami'a ya yi tsit, sunansa Ƙatuwar Kaza. Yara suka fashe, wani ya miƙe yana kaɗa hannuwa yana kyarkyara. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rashin sani, in ji masu magana, kaza ta kwana a kan dami, ni kuwa tawa kazar a kan takarda ta kwana.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin ban dariya ne kurum, da ban dame ku da shi ba. Amma da dariya ta lafa sai ta tambaye ni, "To shi yaron kirkin da yak kashe ta, mi as suna nai?" Na ce Nasiru. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Awo. Na kirki ka ba shi sunan Larabawa, mugu ka ba shi halshen uwata." Ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da na yi ta tambayar kaina shi ne, yaya aka yi kalmar da na ɗauka ƙirƙirata ce ta zama tata, kuma me ya sa ta zo mini da tsoro? Sai na shiga lissafin lokutan da na taɓa jin Zabarmanci a gidan nan. Kaka ba ta yi mana shi. Tana yin sa ne in ranta ya ɓaci ƙwarai har Hausa ta kasa ɗaukar faɗan. Tana yin sa in ita da mahaifiyata suna son su ɓoye wa yara wata magana. Tana yin sa kuma in wani ya zo daga Doso da sassafe, suka shiga ɗaki, jim kaɗan aka ji kuka. Faɗa, da asiri, da mutuwa: ta waɗannan ƙofofi uku kaɗai harshen ya shigo kunnena. Ban taɓa jin an yi wasa da shi ba, ko an yi ciniki, ko an rarrashi jariri. Da na tambayi mahaifiyata daga baya, ta ce ai in an yi babban baƙo haka Kaka kan ce a kamo babbar kazar a yanka. To, yaro ɗan shekara huɗu yana tsaye, ya ji kalma biyu da bai sani ba, sa'an nan ya ga wuƙa da jini da fukafukai na bugun ƙasa. Kalmomin suka kwanta a wani lungu na zuciyata kusan shekara ashirin, sai ran da na nemi abin tsoro suka taso.

Abin da ya ɗan rage mini kunya shi ne da na koma karatu na tarar ba ni na fara ba. Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan wanda ya fitar da littafin Dracula a 1897, da fari wani suna dabam ya sa wa mugunsa. A 1890 ya ci karo da kalmar Dracula cikin wani tsohon littafi a laburaren garin Whitby na Ingila, inda aka ce tana nufin shaiɗan a harshen mutanen Walakiya, cikin ƙasar Romaniya ta yau. Ya kwafe ta ya ajiye. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba. Su kuwa mutanen wurin suna da wani sarkinsu na ƙarni na 15, Vlad, mai wannan laƙabi, wanda duk da an san shi da rashin imani wajen horo, da yawansu suna ɗaukarsa jarumin da ya tsaya wa ƙasarsu gaban Turkawa. Yau in ka ambaci sunan a ko'ina cikin duniya, mai shan jini za a tuna.

Wanda ya fi ba ni mamaki ma na kusa ne. Mu da muka taso a Birnin Kebbi muna leƙen tsofaffin finafinan Indiya a gidajen kallo, babu wanda bai san Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975 ba, ko Mogambo na Mr. India na 1987, wanda Amrish Puri ya fito a matsayinsa. Duk wani ƙaton yaro mai cin zali a unguwa, ko ragon layya mai tunkuyi, Mogambo mu ke ce masa, muna ganin ai sunan Indiyanci ne. Ashe su Indiyawan ma baƙo ne a wurinsu. Tun 1953 akwai wani fim na Amurka mai suna Mogambo, wanda aka ɗauka a dazuzzukan Afirka. Ke nan Bature ya ɗauki amon da ya ke jin na Afirka ne, Ba'indiye ya ara ya sa wa mugunsa don ya yi kama da abin da ya fito daga nesa, mu kuma 'yan Afirka muka karɓo muna rawar jiki a kan sunan Indiya ne. Kowa yana tura tsoron zuwa garin wani.

In muka dawo gida, sunayen da Bahaushe ke jifan azzalumi da su yawancinsu ta hanyar Larabci suka zo mana: Fir'auna, Lamarudu, Ƙaruna, Dujal. Waɗannan kam ayyukan masu su ne suka ɓata su, kamar yadda malamai suka karantar da mu, har muka sami kalmar fir'aunanci. Amma ita kalmar Fir'auna, masana tsohon harshen Misira sun nuna asalinta "babban gida" ne, watau fada. (Na lura da "babban" nan, na tuna da "beri" ɗina.) Littattafan yaƙi da mu ke haya muna sakandare, irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun bi wannan hanya, inda sarakuna da bokaye da aljanu ke ɗauke da sunaye masu ƙamshin Larabci, a birane masu nisa. Ban ga laifinsu ba sosai, don a can jarumi da mugu duka daga rijiya guda aka ɗebo musu suna. Nawa laifin shi ne na raba rijiyar biyu.

Mu ɗaliban Hausa ya kamata abin nan ya fi damunmu, domin muna da tabonsa a jikinmu. Kalmar ajami, da mu ke alfahari da ita, daga ajam ta fito, sunan da Larabawa suka ba wanda ba Balarabe ba, kuma tushen kalmar yana nuni ga wanda maganarsa ba ta fita sosai. Girkawan dā sun kira baƙi barbaros, don a kunnensu maganar baƙo ba ta wuce bar-bar ba. Mu ma ba mu tsira ba. Muna da baubawa, muna da gwaranci, wanda muka ɗauki sunan al'umma guda, Gwari, masu kiran kansu Gbagyi, muka mai da shi sunan maganar da ba ta da kai. Wanda ka riga ka yanke cewa maganarsa hayaniya ce, ba wuya ka ciro guntun hayaniyar ka rataya wa dodo.

Kada a ce na ɗora wa zuciya kome da kome, akwai rabon kunne a ciki. A 1929 masanin harshe Edward Sapir ya gwada mutane da kalmomin banza guda biyu, mal da mil, ya ce ɗaya babban tebur ce ɗaya ƙarami, su zaɓa. Mafi yawansu suka ce mal ce babba. Bahaushe bai bukaci a gwada shi ba, don ya daɗe da sanin wannan. A duba ribɗeɗe, da gabjeje, da shirgege, da zabgege, sa'an nan a duba mitsitsi, da siriri, da tsigil. Ko baubawa aka karanta wa waɗannan, ina jin zai nuna waɗanda suka fi nauyi. Gorongo yana da ga, yana da ra, yana da wasalin o har uku, ya cika baki kamar an buga ganga. Amma fa wannan hujja a kaina ta ke komawa. Harshen da ya haifi Wargaji da Gagarabadau da Botorami, harshen da 'yan dambensa ke amsa Shago da Ɗandunawa, bai rasa amon da zai firgita yaro ba. Ba talauci ya kai ni aro ba.

Da muka dawo hutu na ba wani abokina na ajinmu labarin. Ya ce na cika sa wa kaina damuwa. A ganinsa sunan baƙo rufin asiri ne ga marubuci: in ka sa wa mugu sunan gida, masu sunan za su ji haushi, wani ma ya ce da shi ka ke, amma in ka ɗauko daga nesa ba ka taɓa kowa ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma na san dalilin da ya hana ni sa Tanko ke nan. Sai dai "ba ka taɓa kowa ba" ɗin nan, ma'anarsa ba ka taɓa kowa cikin waɗanda ka ke tsammanin za su karanta ba. Marubucin da ke yin haka ya riga ya ƙidaya masu sauraronsa, ya fitar da wasu. Ni na fitar da matar da ta goya uwata, alhali tana zaune taku uku daga inda na ke karatu.

Kuma a ƙasar Kabi wane ne baƙon? Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya ga kayan yaƙin da ke ciki, zai san ƙasar nan ta sha canza abokan gaba. Kanta ya kafa daularsa ne wajen 1516 bayan ya yi wa Askiya Muhammadu na Sanwai tawaye, Zabarmanci kuwa ɗan'uwan harshen Sanwai ne na jini. To, a zamanin Surame mai irin harshen Kaka shi ne abin tsoro. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, sarautar Kabawa ta ƙare da komawa Argungu. Da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, su wa suka tsaya tare da shi? Arawa da Dandawa da Zabarmawa. Watau a wancan zamani Bazabarme ɗan'uwa ne a Argungu, abin tsoro kuwa yana Gwandu da Sakkwato, yana salla irin tamu, yana jin Hausa irin tamu. Bikin kamun kifi na Matan Fada da duniya ta san mu da shi, an ɗauko tarihinsa na zamani ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, alamar gaba ta ƙare. Yau fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi inda aka haife ni, ta Sarkin Kabi tana Argungu inda aka haifi uwata. Mutum irina, in ya ce zai nemo harshen mugaye, ta kowace fuska ya juya kakansa zai tarar.

Ba kuma ina cewa mutanen Kaka waliyyai ne ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu mayaƙan Zabarmawa sun kafa ƙarfi a ƙasar Gurunsi, arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yau, suna kai hari suna kama bayi. Shugabansu da ya fi shahara shi ne Babatu, wanda ya rasu a Yandi a 1907. Har yanzu mutanen Bulsa suna yin bikin Feok a garin Sandema kowace shekara, suna tunawa da ranar da kakanninsu suka kore shi. A can sunan Babatu ba abin wasa ba ne. Amma karanta wa Bahaushe shi, ka ga ko ba zai yi murmushi ba, don a wurinmu babatu surutun mai fushi ne wanda ba a kula shi. Suna guda, wani na jin sa gabansa ya faɗi, wani na jin sa ya tuna faɗan kishiyoyi. Tsoron ba cikin haruffan ya ke zaune ba, yana wurin wanda aka ƙone wa gari.

Akwai wani misali da na ke ganin ya fi kowane nuna inda sunan baƙo ya ke da hujja, ko da ya ke ba cikin littafi ya faru ba, kuma ba yabon bori na ke yi ba. A 1925, a ƙasar Filinge cikin Nijar, wasu sababbin iskoki suka bayyana ga masu bori, waɗanda a ke kira Hauka, ko Babule. In sun hau mutum sai ya ƙame kamar soja, ya yi fareti, ya riƙa ba da oda da gurɓataccen Faransanci. Sunayensu na bariki ne: akwai Gwamna, akwai Kafaral, akwai Lokotoro, watau likita. Kumandan Faransa na Yamai a lokacin, Croccichia, ya sa aka kama masu yin abin aka kulle. Ba a daɗe ba aka sami sabon iska a cikinsu mai suna Kumandan Mugu, kuma masu nazari sun ce shi ne. Jean Rouch ya ɗauki 'yan ci-ranin Nijar suna wannan hawan iska a Akra, fim ɗin ya fito a 1955. Waɗannan talakawa ba daɗin amo suka bi ba. Sun sha aikin tilas da haraji da bulala a hannun masu waɗannan muƙamai. Duk da haka ba su bar kalmar baƙo ta ɗauki laifin ita kaɗai ba, sai da suka liƙa mata tamu, mugu, don a san wane kumandan a ke nufi.

Na koma ga magabatanmu na rubutun zube in ga yadda suka yi, sai na ji wata kunyar. Abubakar Imam ya ɗebo labaru daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya zuba cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, yana da damar ɗauko kowane irin suna mai ban tsoro. Amma babban mugun littafin Waziri ne, na kusa da Sarki, wanda aka bar wa amanar gari. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933, waɗanda suka ƙulla wa Makau sharri har aka kore shi 'yan'uwansa fadawa ne. Ahmadu Ingawa kuwa, da ya ɗauko labarin jarumin Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya bar sunayen baƙi irin su Waldima da birnin Kib a ɓangaren da jarumin ke yi wa yaƙi. Su sun san cewa mai cutarka yakan san sunan uwarka.

Kwana biyu Kaka ba ta tsokane ni ba, wanda a tsakaninmu ya fi zagi zafi. A rana ta uku da dare na same ta a ƙofar ɗakinta, na zauna ƙasa na ce, "Amarya, na yi laifi, a yafe wa maigida." Ta ce ba kome, yaro ne ni. Da na ga fuskarta ta saki sai wautata ta dawo, na ce to ta gaya mini sunan wani abin tsoro na gaske a harshensu, na cikin ruwa, in ji yadda ya ke. Ta dube ni ta ce, "Da dare? Kai dai ba ka da hankali." Ta yi ta'awizi ta tofa gefe, ta canza magana.

Nan na ga abin da na tsallake tun farko, alhali a gabana ya ke tun ina yaro. Abin da mutanenmu ke tsoro da gaske ba su ba shi suna mai rugugi, sassauta masa su ke yi. Da dare ba a cewa maciji, sai igiyar ƙasa. Aljanu mutanen ɓoye ne. Zaki manyan dawa. Iskar da masu bori suka fi shakka, wadda a ke danganta wa shanyewar ƙafa da hannu, Inna a ke ce mata, sunan da mu ke kiran uwa da shi, har ciwon ya zama shan inna a bakin kowa, da likita da malami. Da na san aikina, da matsafin nan nawa masunta ba za su iya furta sunansa ba sam. Da sai dai su ce "na tsakiyar ruwa", su waiga.

Na gwada gyara labarin. Na goge Gorongo Beri na sa Sarkin Gungu, na yi kwana biyu ina jin daɗi, sa'an nan na tuna Gungawa mutane ne, suna nan a ƙasar Yawuri cikin jiharmu, har akwai ɗansu a ɗakin kwananmu. Na sake gogewa. Yanzu haka labarin yana cikin jakata da fili a wuri goma sha ɗaya.

Ran da zan bar Argungu, na ɗauki jaka na yi sallama, har na kai zaure sai Kaka ta aiko yaro ya tsai da ni. Ta fito da wata ƙatuwar kaza wake-wake, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma, ta miƙa mini a gaban kowa ta ce, "Ga dodonka, ka kai ma malaminka shi gani." Haka na shiga mota da ita a cinya har Birnin Kebbi, tana kyarkyara, fasinjoji na tambayata ko ta sayarwa ce. Yaran gidan can sun daina kirana da sunana, ko a waya sai dai in ji an ce a ba Gorongo. Kazar ba ta kai ga Malam ba, mahaifiyata ta hana a yanka ta. Tana nan gidanmu, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya bakwai, shaho ya ɗauke biyu.